Hannun Seiji Ozawa: wanda ya horar da shi da inda ya kai shi

Tambaya: Na ga bidiyon wata babbar ƙungiyar makaɗan Turai, kowa da abin kiɗansa, ga wani dattijo ɗan Japan mai tulin furfura a gabansu yana ta kaɗa hannu. An ce sunansa Seiji Ozawa. Shi da ba ya busa ba ya kiɗa, mene ne aikinsa? Kuma ta yaya mutumin Japan ya koyi kiɗan Turawa har ya zama shi ke jan ragamarsu?

Amsa: Malam, bari in fara da aikin, don sai an san abin da mutumin yake yi sannan tarihinsa zai shiga kai.

Ƙungiyar da ka gani, wadda ake kira okestira, takan ƙunshi mutum 80 zuwa 100. Masu goge iri-iri su ne a gaba, daga ƙananan biyolin zuwa manyan da sai an tsaya ake goga su, masu sarewa da danginta a tsakiya, masu ƙahonin tagulla a bayansu, masu ganguna can ƙurya. Kowa da takarda a gabansa, amma layinsa kaɗai ke ciki. Mai ƙaho yakan zauna shiru yana ƙirga gaɓa 50 ko 60 kafin lokacin shigarsa ya yi, kuma abin da yake ji daga kujerarsa daban yake da abin da 'yan kallo suke ji: gangar da ke bayansa ta cika masa kunne, sautin masu gogen da ke can ɗaya gefen kuwa yana iso masa a makare. Mutum ɗaya ne ke riƙe da kundin da ya haɗa layin kowa, layi 20 ko 30 a jere a shafi guda, kuma shi ne madugun. Shi ke yanke saurin tafiya, da inda za a ja numfashi, da wanda zai fito fili da wanda zai lafa. Mawallafin da ya rubuta kiɗan shekara 200 da suka wuce sau da yawa "da sauri" ko "a hankali" kawai ya rubuta a saman shafi, sauran kuwa ya bar wa mai karatu.

Mafi yawan wannan aiki an gama shi kafin ranar wasa. Madugu yakan yi makonni ko watanni shi kaɗai da kundin, yana jin kiɗan a cikin kansa ba tare da an kaɗa komai ba, sannan ya samu zaman atisaye uku ko huɗu da makaɗan. A nan zai tsayar da su ya ce masu sarewa sun danne masu goge, ko mai ƙaho na biyu ya ɗan yi ƙasa da sauti. Ozawa ya shahara da tashi tun da sauran duhu, wajen ƙarfe huɗu na asuba, ya zauna da kundi har gari ya waye, kuma galibin wasanninsa da ka yake yin su, kundin na rufe ko ma babu shi a gabansa.

An haifi Ozawa ranar 1 ga Satumba 1935 a Mukden, garin da yanzu ake kira Shenyang a ƙasar Sin, lokacin yankin na hannun Japan. Mahaifinsa likitan haƙori ne. Yana ƙarami iyalin suka koma gida, ya fara fiyano, har ya kai ga zama almajirin Noboru Toyomasu, wanda ya ɗora shi a kan ayyukan Bach, mawallafin kiɗa na Jamus. Burinsa ya zama makaɗin fiyano, sai ya karya yatsu biyu a wasan zari-ruga yana ɗan sakandare, maganar fiyano ta sha ruwa. Daga nan aka kai shi wurin Hideo Saito.

A kan Saito zan daɗe, domin a ganina wanda bai san shi ba bai san Ozawa ba.

Kiɗan Turai baƙo ne a Japan, amma ba baƙon jiya ba. Gwamnatin Sarki Meiji ce ta shigo da shi da gangan bayan 1868, ta sa shi a makarantu da bataliyoyin soja, aka buɗe makarantar kiɗa ta Tokiyo a 1887. Ƙungiyar da daga baya ta zama okestirar gidan rediyon NHK an kafa ta a 1926. Saito, wanda aka haifa a 1902, makaɗin selo ne, wato babban gogen da ake dafewa tsakanin gwiwoyi. Ya yi karatu a Jamus har sau biyu, a Leipzig wurin Julius Klengel, sannan a Barlin wurin Emanuel Feuermann. Da ya dawo ya zama shugaban masu selo a waccan ƙungiya, ya yi shekaru yana zaune dab da Joseph Rosenstock, madugun da ya zo daga Jamus a 1936, yana kallon hannunsa yana tambayar kansa: me ya sa in wannan mutum ya motsa muke shiga tare, in wani ya motsa muke warwatsewa?

Matsalar da Saito ya hango ita ce, yaron Biyana ko Barlin yana tashi ne cikin wannan kiɗa, yana jin sa a coci da gidan wasa, ya zauna shekaru yana yi wa mawaƙan ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, rakiya da fiyano, har abin ya shige shi ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. Yaron Tokiyo na bayan yaƙi ba shi da wannan gata. Don haka Saito ya ce sai an warware abin dalla-dalla, a mai da shi ilimin da za a iya koyarwa. A 1948 shi da abokansa suka buɗe ajin kiɗa na yara, wanda ya girma ya zama makarantar Toho Gakuen. Ozawa yana cikin rukunin farko na sashen sakandarenta a 1952. A 1956 Saito ya fitar da littafin koyar da jagorancin makaɗa, wanda har gobe ake karantawa a Japan.

Tushen koyarwarsa shi ne, makaɗi yana buƙatar sanin lokacin da bugu zai sauka tun kafin ya sauka. In sai ya ga hannu ya kai ƙasa sannan zai busa, ya riga ya makara. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan: kowacce tana gane lokacin da taɓaryar 'yar'uwarta za ta sauka daga yadda ta ɗaga ta, shi ya sa ba sa karo. Saito ya kasa motsin hannu gida-gida bisa yadda saurinsa ke ƙaruwa ko raguwa. Na farko, wanda suke kira tataki, shi ne a saki hannu ya faɗo da nauyinsa yana ƙara sauri, ya bugi wani wuri a iska, ya yi tsalle ya koma sama yana rage sauri. Tunda idon ɗan Adam ya saba da yadda abu ke faɗowa, mutum 100 za su iya hango lokacin saukarsa su shiga tare kamar mutum ɗaya. Akwai shakui, inda hannu ke wucewa ta wurin bugun a lanƙwashe ba tare da ya buga ba, don kiɗa mai taushi. Akwai kuma tafiyar hannu da sauri ɗaya ba hawa ba sauka, don wuraren da ake so sauti ya miƙe shiru kamar ba a ƙirga shi.

A baki abin da sauƙi. Ɗalibi yakan yi makonni ba abin da yake yi sai ɗaga hannu ya sake shi ya faɗo, don yawancin mutane ba su iya sakin hannu gaba ɗaya ba. Kafaɗa takan riƙe, gwiwar hannu takan taka birki kafin a kai ƙasa, kuma da zarar an taka wannan birki makaɗi ya rasa inda bugun yake. Bayan haka sai a tsayar da shi gaban masu fiyano biyu da ke kaɗa abin da okestira za ta kaɗa, a umarce su da su bi abin da hannun ya nuna kawai, kada su taimake shi. In hannun ya yi rawa, su ma su yi rawa. Na sha ganin ɗalibi mai kunne da basira ya tsaya a irin wannan aji ya ɗaga hannu ya sauke, fiyano biyu suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ya juyo yana neman mai laifi, alhali laifin na kafaɗarsa ne. In ka koma bidiyon nan naka, ka rage sautin, ka dubi abin da hannun Ozawa yake yi daƙiƙa ɗaya kafin kowace babbar shiga. A nan aikin yake.

Saito mutum ne mai zafi, almajiransa duka sun shaida haka. Bai tsaya ga hannu ba: akwai horon kunne, da karanta kundi a fiyano, da tsinka kowace jimlar kiɗa a ga inda ta taso da inda ta nufa. Ozawa kuma shi ne yaron aiken ƙungiyar ɗalibai, mai jera kujeru da shirya wa kowa takardarsa. Wannan ma karatu ne, don wanda ya shirya takardar mai ƙaho da hannunsa ya san abin da mai ƙaho yake gani.

A farkon 1959 ya hau jirgin ruwan dakon kaya da jita da ƙaramin babur da ya samu daga kamfanin Fuji, ya yi kimanin wata biyu a teku, ya sauka a Marseille, ya hau babur ɗinsa da tutar Japan a jiki har Faris. Ba makarantar da ke jiran sa, kuɗin kirki babu, Faransanci babu. A Satumbar shekarar ya shiga gasar matasan madugai ta garin Besançon, wadda aka fara a 1951. Cikin jarrabawar har da dasa kurakurai da gangan a takardun makaɗa, a ga ko ɗan takara zai ji su ya tsayar ya gyara. Ya zo na ɗaya yana da shekara 24. Abin lura shi ne bai da bakin da zai yi wa makaɗan Faransa dogon bayani, hannun ne ya yi masa magana. Haka ya rayu, don har ya tsufa Turancinsa a karye yake.

Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa da saurin da ba a saba gani ba. Charles Munch, madugun okestirar Boston, ya gayyace shi makarantar bazara ta Tanglewood a Amurka, inda ya ci lambar Koussevitzky a 1960. Ya wuce Barlin ya zauna gaban Herbert von Karajan. A 1961 Leonard Bernstein ya ɗauke shi mataimaki a New York Philharmonic. Cikin shekara biyu ya ratsa hannun uku daga manyan madugan zamanin, kuma kowanne da abin da ya ba shi. Wurin Munch ya ga sakin jiki da launin kiɗan Faransa, musamman Berlioz da Ravel. Karajan ya koya masa jan dogon layi, yadda ake riƙe jimla ta yi nisa ba ta yanke ba, kuma shi ya matsa masa ya shiga ofera, yana ce masa ofera da simfoni, wato dogon kiɗan okestira, ƙafafun keke ɗaya ne. Ozawa ya ja oferarsa ta farko a Salzburg a 1969. Wurin Bernstein kuwa ya tarar da kiɗan mawallafi Mahler, a daidai lokacin da Bernstein ke farfaɗo da ayyukansa. Aikin mataimaki, in ka cire sunan, zaman jira ne: ka haddace duk abin da maigida zai kaɗa a makon, ka zauna a kujerun baya kana saurare, ko da zai wayi gari ba lafiya a ce kai ne.

Sai dai akwai abin da Saito bai iya koya masa a aji ba, kuma a gida aka nuna masa shi. A 1962 okestirar NHK ta ɗauke shi aiki. A watan Yuli ya ja su suka kaɗa Turangalîla ta Olivier Messiaen karon farko a Japan, mawallafin na zaune a zauren. Amma zama bai yi daɗi ba. Makaɗan dattawa ne da suka taso a tarbiyyar Jamus, shi kuwa yaro ne ɗan shekara 27 da ya dawo da salon Amurka na faɗar magana kai tsaye. Aka zarge shi da makara da rashin ladabi, rangadin da suka yi a kudu maso gabashin Asiya ya ƙara dagula lamarin, a ƙarshe suka ce ba za su sake kiɗa a ƙarƙashinsa ba. A Disamba aka soke wasa, shi kuwa ya sa kayansa ya je zauren Tokyo Bunka Kaikan ya tsaya a dandali shi kaɗai gaban kujerun da ba kowa, 'yan jarida suka ɗauki hoto. Bai sake tsayawa gaban wannan ƙungiya ba sai Janairun 1995, bayan shekara 32. Ni dai ina ganin kowane ɓangare da nasa laifin, amma abin ya nuna iyakar gwanintar hannu. Sandar da madugu ke kaɗawa ba ta fitar da sauti. In mutanen da ke riƙe da kayan kiɗan suka ƙi, madugu ba shi da komai.

Wannan rikici ne ya tura shi waje. Ya riƙe bikin bazara na Ravinia, inda okestirar Shikago ke wasa, daga 1964. Toronto daga 1965 zuwa 1969. San Francisco daga 1970. Sannan Boston a 1973. A tsakanin nan akwai wani aiki da nake ganin ya fi muƙaman nauyi. A Nuwamban 1967 ya ja New York Philharmonic a wasan farko na November Steps, wanda abokinsa Toru Takemitsu ya rubuta wa okestira tare da kayan gargajiyar Japan guda biyu, biwa mai tsirkiya da sarewar gora ta shakuhachi. Waɗannan kaya ba sa tafiya da ƙirgen gaɓa irin na Turai, numfashin mai busa da shirun da ke tsakanin sauti su ne ma'auninsu, kuma sai madugun da ya san gidajen biyu zai iya riƙe mutum da yawa suna jira ba tare da abin ya watse ba.

Ya yi shekara 29 a Boston, har 2002, ya zarce shekara 25 na Serge Koussevitzky, kuma ba wanda ya kai shi daɗewa a tarihin ƙungiyar. Ya kai su ƙasar Sin a 1979. A 1983 Messiaen ya damƙa masa wasan farko na oferarsa kan Waliyyi Francis na Assisi a Faris, aikin da ke cin sama da awa huɗu da ɗaruruwan makaɗa da mawaƙa. A irin waɗannan manyan ayyuka masu sarƙaƙiya, su Mahler da Bartók da Berlioz da Messiaen, da wuya a samu wanda ya fi shi, don a nan tsabtar hannu da ƙarfin hadda suke biya.

Ba yabo kaɗai ya sha ba. Masu sharhi a Amurka sun daɗe suna cewa Mozart da Beethoven da Brahms ɗinsa sumul suke amma ba zurfi, kuma a shekarun 1990 ƙorafi ya yi yawa cewa ya daɗe a Boston har ƙungiyar ta yi sanyi. Sauye-sauyen da ya yi a makarantar Tanglewood sun sa manyan malamai irin su Leon Fleisher da Gilbert Kalish suka ajiye aiki a 1997. Maganar daɗewa tana da ƙamshin gaskiya. Shekara 29 da fuska ɗaya tana gajiyar da kowace ƙungiya, ga shi kuma yana yawan tafiye-tafiye. Maganar zurfi kuwa sai an tace ta, domin a cikinta akwai tsohon zaton nan cewa ɗan Asiya zai iya kwaikwayon kiɗan Turai amma ba zai kai ga cikinsa ba. Shi kansa Ozawa yakan kira rayuwarsa gwaji, na ganin iya nisan da mutumin Gabas zai kai a wannan kiɗa.

Wanda yake son ya auna wannan zargi, ya nemi Brahms ɗin da ya yi da ƙungiyar Saito Kinen. Saito ya rasu a 1974. A 1984, cikar shekara goma, Ozawa da abokin karatunsa Kazuyoshi Akiyama suka kira tsofaffin almajiran malamin daga duk inda suke, waɗansu a manyan ƙungiyoyin Turai da Amurka, suka haɗu suka yi wasan tunawa da shi. Abin ya yi armashi har ya zama ƙungiya mai haɗuwa shekara-shekara, ta zaga Turai, sannan a 1992 ta samu mazauni a garin Matsumoto, cikin duwatsun lardin Nagano, inda ake bikin da tun 2015 yake ɗauke da sunan Ozawa. Yawancin masu gogen wannan ƙungiya a lokacin malami ɗaya ya rene su, numfashinsu ɗaya, kuma sautin da suke ba shi yana da nauyi da zafin da ba kullum ake ji a faifansa na Boston ba.

Sauran tarihin sananne ne. A buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Nagano a 1998 ya ja babin ƙarshe na simfoni ta tara ta Beethoven, mawaƙa na amsawa ta tauraron ɗan Adam daga Beijing da Barlin da Cape Town da New York da Sydney. Ranar 1 ga Janairun 2002 ya ja wasan sabuwar shekara na okestirar Biyana, Vienna Philharmonic, a shekarar kuma ya zama daraktan kiɗa na gidan ofera na Biyana, yana da shekara 67, ya riƙe har 2010. A farkon 2010 aka gano yana da kansar maƙoshi. Bayan tiyata ƙarfinsa bai dawo daidai ba, ya koma jan gajerun ayyuka, wani lokaci a zaune, ba sanda, motsin ya ragu ya koma na yatsu da ido. Lokacinsa da yawa ya tafi ga koyar da matasa a Japan da Suwizalan, inda yake sa masu goge su zauna huɗu-huɗu suna kiɗa ba madugu, don su koyi sauraron juna. Ya rasu a Tokiyo ranar 6 ga Fabrairun 2024 yana da shekara 88.

Hanyar da ya bi ita ce har yanzu matasan Japan ke bi, sai dai yanzu a share take. Yaro yakan fara da fiyano ko goge tun yana ƙarami, ya shiga Toho Gakuen ko Jami'ar Fasaha ta Tokiyo, ya sha horon kunne da ajin fiyano biyu, ya fita gasa, ya yi zaman mataimaki a Turai. Besançon ta zama kamar gidansu: Yutaka Sado ya ci ta a 1989, Kazuki Yamada a 2009, Nodoka Okisawa a 2019. Yamada ya karɓi okestirar Birmingham ta Ingila a 2023. Okisawa kuwa ta yi zaman mataimakiya wurin Kirill Petrenko a Berlin Philharmonic, kuma tun 2023 ita ce babbar madugar okestirar birnin Kyoto.